GWIWAR DATTIJO: DARASI A KAN GYARAN GWIWA DA HANNU

Zuwa ga Hakimai da Malamansu na ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. 

An shirya wannan 'yar takarda domin ku karanta, ku fahimta, sa'an nan ku sa a karanta wa dagatai da masu unguwa sa'ad da suka taru a gabanku. Maganar da ke ciki ta shafi dattawan ƙasarku, maza da mata, da yadda za a taimaki gwiwoyinsu don kada su riƙa faɗuwa.

1. DALILIN WANNAN DARASI

Hausawa sun daɗe da sanin darajar gwiwa. In an ƙarfafa wa mutum zuciya sai a ce an ba shi ƙarfin gwiwa, in kuwa ya karaya sai a ce gwiwarsa ta yi sanyi. Maganar tana da tushe a jikin ɗan Adam, gama nauyin mutum a bisa gwiwa ya ke sauka, ko yana tafiya, ko yana hawa, ko yana tashi daga zaune.

Mu ɗauki misalin wani dattijo, irin wanda ba a rasawa a kowace unguwa ta Ruwan Godiya. Tun yana yaro ya ke duƙe a gona, damina ta bi damina, daga noman dawa da masara zuwa cirar auduga. Yanzu ya haura saba'in. Da safe gwiwarsa ta kan ƙage, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa bango. Wata rana da asuba ya ɗauki buta zai kewaya, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, gwiwa ta kasa tare shi, ya faɗi ta gefe, ƙashin kwatangwalo ya karye. Daga ran nan sai kwanciya. Tsoka ta zube, baya ya yi gyambo, ciwon ƙirji ya biyo baya. Mutane su ce ai tsufa ne. Amma faɗuwar nan tana da dalilai, kuma da yawa daga cikinsu ana iya maganinsu tun da wuri.

Hasarar ba ta tsaya ga gidansa ba. Kun fi kowa sani, in rikicin iyakar gona ya tashi, ko maganar gado, ko ta burtali, dattawan nan a kan nema su faɗi abin da suka gani da idonsu. Bugu da ƙari, a shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, tsohon da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa shi ya fi kowa wahala sa'ad da tashi ya kama jama'a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sabo da faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Tun a 2007 ta nuna cewa cikin mutum 100 masu shekara 65 zuwa sama, 28 zuwa 35 su kan faɗi a shekara.

2. ABIN DA KE TSAYAR DA MUTUM

Tsayuwar mutum a bisa ƙafa biyu kamar mulkin ƙasa ta ke. Ƙwaƙwalwa ita ce hakimi. Ba ta barin mazauninta, sai dai 'yan aike uku su riƙa kawo mata labari, ita kuwa ta ba tsokoki umurni.

Na fari shi ne ido, mai faɗin inda rami ya ke da inda tudu ya ke. Na biyu yana can cikin kunne, wasu 'yan bututu ne masu ruwa, su ke faɗin ko kai ya karkata ko ya juya. Na uku shi ne jin jiki da kansa. Akwai ƙananan jijiyoyi birjik cikin tsoka, da kewayen gaɓoɓi, da tafin ƙafa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kowace gaɓa ta lanƙwashe. Sabo da su ne mutum kan san inda ƙafarsa ta ke ko cikin duhu.

To, in mai unguwa ya makara da kawo labarin gobara, ko ya kawo shi a karkace, umurnin hakimi zai iso bayan ɓarna ta auku. Haka abin ya ke ga tsoho. Idonsa ya yi yana, kunnensa ya raunana, gwiwa mai ciwo kuma tana aika labari maras daidai. Kafin ƙwaƙwalwa ta ce wa cinya ta ƙanƙame, mutum ya riga ya kai ƙasa.

3. YADDA GWIWA KE LALACEWA

A gwiwa ƙashin cinya ya ke haɗuwa da ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuwa yana gabansu. Bakin kowane ƙashi an lulluɓe shi da guringuntsi mai santsi, cikin gaɓar kuma akwai ɗan ruwa mai yauƙi da ke aiki kamar man keke. Da tsufa, da tsohon rauni, da ƙiba, guringuntsin kan sire, bakin ƙashi ya yi tsiro, jakar da ta kewaye gaɓar ta takure. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai, wanda jama'a kan kira sanyin ƙashi. Lissafin 2019 ya nuna mutum miliyan 528 ke da shi a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, mata kuma sun fi maza.

Babban abin lura shi ne yadda cutar ke ciyar da kanta. Ciwo ya hana motsi, rashin motsi ya zubar da tsokar gaban cinya, raunin tsoka ya bar gaɓa ba mai tsaronta, ciwo ya ƙaru. Wanda ya taɓa faɗuwa kuma tsoro ya kan kama shi, ya daina zuwa kasuwa, ya daina zuwa zaure, ƙafa ta daɗa mutuwa. Sabo da haka zama wuri ɗaya ba ya hutar da gwiwa, ƙara kashe ta ya ke yi.

4. GYARAN GWIWA DA HANNU

Tausa tsohon abu ce a ƙasar Hausa. Ba gidan da ba a san jika ta zauna tana matsa wa kakarta ƙafa da man kaɗanya ba. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne awo da ƙa'ida. Masu wannan aiki a asibiti su a ke kira likitocin gashin ƙashi. A Nijeriya an fara aikin a 1945, a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, watau Legas, ta hannun ma'aikata biyu daga Ingila. Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi har zuwa digiri a 1966. A nan Arewa, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano an buɗe shi a 1959. Yau akwai sashen gashin ƙashi a Dala, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina.

Ga abin da gwani kan yi in an kawo masa tsoho mai ƙagaggiyar gwiwa. Da fari zai yi tambaya, ya duba tafiyarsa, ya auna iyakar lanƙwasawa da miƙewar gaɓar. Sa'an nan ya kwantar da shi, ya yi waɗannan:

(a) Ya tausa tsokar cinya da ta sha-raɓa, don su saki.

(b) Ya kama ƙoƙon gwiwa da yatsu, ya tura shi sama da ƙasa, dama da hagu, a hankali, gama in ƙoƙon ya manne gwiwa ba ta lanƙwasuwa sosai.

(c) Ya ja ƙwauri kaɗan don bakin ƙasusuwan biyu su ɗan rabu, su huta da gogayya.

(d) Ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya zame ƙashin ƙwauri gaba ko baya da ɗaya hannun, yana rausaya shi sannu sannu.

(e) Ya lanƙwasa gwiwar ya miƙar da ita zuwa iyakar da ta ke iyawa, ya ɗan dakata a nan.

Wani gwanin wannan aiki mutumin Ostireliya, Geoffrey Maitland, wanda ya rasu a 2010, ya kasa ƙarfin hannun kashi huɗu. Mataki na ɗaya da na biyu rausayawa ce mai taushi wadda ba ta kai iyakar gaɓa, amfaninta kwantar da ciwo. Na uku da na huɗu su kan kai har iyakar, amfaninsu sassauta ƙagewa. Sanin matakin da ya dace da kowace gwiwa shi ne gwanintar, shi ya sa a ke shekaru ana koyonta.

Ta hanya uku wannan aiki ke taimakon tsayuwa. Yana rage ciwo, tsokar cinya kuwa ba ta aiki sosai muddin gaɓa tana ciwo. Yana ƙara wa gwiwa fili, musamman miƙewa, domin wanda gwiwarsa ba ta miƙewa sarai a tanƙware ya ke tsayawa, ya gaji da wuri. Masana kuma suna ganin motsa gaɓar yana farkar da ƙananan jijiyoyin nan masu kai labari.

5. IYAKAR AMFANINSA

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan, don kada wani ya yaudari talakawanku. Hannu ba ya mayar da guringuntsin da ya sire. Sauƙin da a kan samu bayan tausa da rausayawa na ɗan lokaci ne, in ba a bi shi da motsa jiki ba sai ya gushe. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta faɗa a 2022 cewa kada a yi wa mai amosanin gwiwa aikin hannu shi kaɗai, sai tare da motsa jiki.

Shaidar motsa jiki kuwa mai ƙarfi ce. A 2019 masana suka tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi a ƙasashe 25, a kan tsofaffi fiye da 23,000, suka tarar motsa jiki ya rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin 100, kuma wanda ya ƙunshi koyon tsayuwa da tashi da zama shi ya fi tabbata. Watau aikin hannu kamar sharar gona ne. Shara tana da muhimmanci, amma wanda ya share gona bai yi shuka ba, ba shi da abin kai wa rumbu.

6. ABIN DA IYALI ZA SU YI A GIDA

Likitocin gashin ƙashi kaɗan ne, mafi yawansu a manyan birane, hanya kuma da nisa. Sabo da haka mafi yawan aikin a tsakar gida za a yi shi. Jan ƙwauri da zame ƙashi, watau (c) da (d), a bar wa wanda ya koya. Sauran kuwa ɗa ko jika mai hankali yana iyawa, namiji ga namiji, mace ga mace, kuma ya fi kyau ma'aikacin lafiya ya nuna masa sau ɗaya tukuna.

Aikin hannu, kimanin minti 10. Tsoho ya zauna a tabarma, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafa. A ɗora tsumma mai ɗumi a gwiwa, bayan mai yi ya gwada ɗumin a bayan hannunsa. A shafa man kaɗanya, a tausa cinya da tafin hannu daga gwiwa zuwa sama. A motsa ƙoƙon gwiwa sau 10 kowace fuska. A tallafi dunduniya, a lanƙwasa gwiwa a miƙar sau 10. Kada a danna bayan gwiwa da ƙarfi, gama manyan jijiyoyin jini ta nan suka bi. In ya ce ya ji zafi mai suka, a tsaya.

Motsa jiki, nan take bayan tausa, tun gwiwa tana sake:

Na ɗaya, yana zaune ƙafa a miƙe, ya danna bayan gwiwa a tabarma har cinya ta ƙanƙame, ya ƙirga biyar, ya saki. Sau 10.

Na biyu, ya zauna a benci mai tsayin gwiwa, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna a hankali, ba faɗawa ba. Ya fara da sau 5, yana ƙarawa. Da fari ya dafa, in ƙarfi ya samu ya daina.

Na uku, ya dafa bango, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya sauko. Sau 10.

Na huɗu, yana dafe da bango, ya sa dunduniyar ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, ya ƙirga goma, ya sauya.

Na biyar, yana dafe, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya da ɗaya, ya ƙirga goma, ya sauya. Lalle wani ya tsaya kusa da shi.

A yi haka kwana 3 a mako ko fiye, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama a 2020, a haɗa da 'yar tafiya kullum. 'Yar tsamin jiki a makon fari ba laifi ba ne. Amma in ciwo ya ƙaru ya kwana har gobe, ko gwiwa ta kumbura, a rage. Sai an yi wata biyu ko uku kafin a ga bambanci sosai, in kuma an daina, ƙarfin ya kan koma. Sannu ba ta hana zuwa.

A gyara gida kuma. A rage tudun dokin ƙofa, a cike ramukan tsakar gida, a zuba yashi ko tsakuwa inda ruwa kan kwanta da damina. A ajiye tocila kusa da shimfiɗa. A kafa sanda mai ƙwari a makewayi don dafawa. A samar masa takalmi mai kama dunduniya. Sandar tafiya tsawonta ya zo daidai wuyan hannu in yana tsaye, ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen gwiwa mai ciwo ba. Wanda durƙuso ya gagara, ya tambayi limaminsa hukuncin yin salla a zaune, kada kunya ta sa ya ji wa kansa rauni.

7. GWIWAR DA BA A TAƁAWA

Wannan sashe a karanta shi sau biyu a gaban jama'a. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a tausa, kada a ja, a kai mutum asibiti ran nan:

(a) Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi. Mai yiwuwa mugunya ce a cikin gaɓa, tana iya cinye ta cikin 'yan kwanaki.

(b) Sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, tausa kuwa tana iya tura gudan zuwa huhu, mutum ya mutu.

(c) Ya faɗi, ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarta ta juya waje.

(d) Ƙafa da hannu na gefe ɗaya sun mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce.

(e) Ciwo mai hana barci tare da rama, ko daɗaɗɗen tari, ko gumin dare.

(f) Akwai gyambo ko rauni a wurin.

Mai ciwon suga wanda tafin ƙafarsa ya daina ji, kada a gasa masa ƙafa, gama zai ƙone bai sani ba. Mai yawan jiri a auna jininsa, a kuma nuna wa ma'aikacin lafiya duk magungunan da ya ke sha. Ƙwayoyin kashe ciwo da a ke saye a kasuwa, in tsoho ya daɗe yana sha, su kan ɓata masa ciki da ƙoda, waɗansu kuma su sa shi tangaɗi. Mai yanar ido a kai shi a duba, domin aikinta sananne ne kuma yana mayar da gani.

Maɗora da wanzamai mutanenku ne, jama'a sun yarda da su, kuma su a kan fara zuwa wa. Ya kamata Hakimi ya kira shugabanninsu, a karanta musu wannan sashe cikin mutunci, a roƙe su kada su yi tsaga ko sakiya a kan gwiwa, don ƙwayar cuta tana shiga gaɓa ta nan, kuma duk wanda ya zo musu da alamun nan su tura shi asibiti.

8. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Hakimi ya umurci dagatai, su kuma su umurci masu unguwa, a san kowane mai shekara 65 zuwa sama. Kada a manta da tsofaffin mata na cikin gida, ta hannun ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya za a kai gare su.

Malami ya buɗe littafi, ya ja layi shida: suna, unguwa, kimanin shekaru, sau nawa ya faɗi cikin shekarar da ta wuce, sakamakon awo, da wanda ke kula da shi a gida. Littafin amana ne, ba na nuna wa kowa ba, kuma wanda bai yarda a rubuta shi ba a ƙyale shi.

Awon kuwa mai sauƙi ne, masana biyu a Kanada suka bayyana shi a 1991. A ajiye kujera, a ja layi a ƙasa mita 3 daga gabanta, watau kimanin ƙafa 10. Tsoho ya zauna. In an ce tashi, ya tashi, ya tafi yadda ya saba har layin, da sandarsa in yana da ita, ya juyo, ya dawo ya zauna. Malami ya duba agogo, wani kuma ya bi tsohon a gefe. Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ɗauki wanda ya kai sakan 12 ko fiye a matsayin mai haɗarin faɗuwa. Irin wannan, da wanda ya faɗi sau biyu a shekara, a fara da su, a haɗa su da ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa, shi zai san wanda ya kamata a tura gaba. Bayan wata uku a sake awon, a rubuta kusa da na fari. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, sa'ad da hannun iyali ya sauka daga gona, don damina ta tarar da ƙafafu sun yi ƙwari.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Waɗanne ne 'yan aike uku da ke kai wa ƙwaƙwalwa labari?
2. Me ya sa zama wuri ɗaya ke ƙara ɓata gwiwa?
3. Wane aikin hannu ne iyali za su yi, wanne ne za a bar wa gwani?
4. Me ya sa tausa ita kaɗai ba ta wadatarwa?
5. Kawo alamu huɗu da ke hana taɓa gwiwa.
6. Tsohuwa mai ciwon gwiwar dama, a wane hannu za ta riƙe sanda?

Muna fata Hakimai za su ɗauki wannan al'amari da muhimmanci kamar yadda suka saba ɗaukar maganar rigakafin yara, domin in talakawa suka ga Hakimi da kansa ya tambayi dattijo labarin gwiwarsa, 'ya'yan dattijon ba za su yi sakaci ba.